Takardar Bashir da Ke Cikin Takalminka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka lafiya. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da abokan zama nagari a kwalejin nan da ta ɗauke ka, a aji da kuma filin ƙwallo. Mahaifiyarka tana sa maka albarka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a cikin jakarka, alhali gida ɗaya muke kwana. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun kana ƙarami ban iya zama da kai mu yi doguwar magana ba. Gobe a tasha ma na san abin da zan yi. Zan ce maka Allah ya tsare, in juya in kama hanyar makaranta kamar ina sauri. Saboda haka na zauna yau bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida da biro, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin Allah ya tsare.

Jiya mahaifiyarka tana shirya maka kaya, tana neman inda za ta cusa ƙullin yaji, sai ta ji leda a cikin takalmin ƙwallonka na hagu. Da ta buɗe sai ga takardar haihuwar ƙanenka Bashir da takardarsa ta gama firamare. Ta kawo mini, ta ajiye a gabana. Ni kuwa ban buƙaci bayani ba, don shekaranjiya ina alwala a bayan ɗaki na ji ka a waya kai da kocinku. Na ji zancen mutumin da zai zo kwalejin neman yara 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, ya kai su gwaji ƙasar waje. Kai shekararka ashirin da ɗaya, Bashir sha shida. Na ji da kunnena kana cewa, "Ai aro ne kawai, koci. Ƙanena ne, ba zai damu ba."

Ban cire takardar ba. Na mayar da ita inda ka ɓoye ta, kuma zan gaya maka dalili kafin in gama. Amma sai ka fara jin labarin da ban taɓa ba ku ba, don ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ka tashi ka ganni da ɗingishi da alli a hannu, za ka ɗauka ban taɓa gudu ba a duniya. To, ubanka gola ne. A ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, Katanga ake ce mini. Da ƙwallon tsumma muka fara, muna kafa raga da karan dawa, har aka zo ana ɗaukata a bayan keke zuwa ƙauyukan da ke kusa in tsare musu gida. Tafin nan da ake yi mini shi ya fara cin kaina. Ina aji biyu na sakandare na daina shiga aji. Da safe in sa kayan makaranta, in na fita in tuɓe su in cusa a ƙarƙashin rumbu. Kakanka ya yi duka har ya gaji, ya ce tunda na zaɓi birgima a ƙasa, in je in yi ta yi. A lokacin gani nake na yi nasara a kansa. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Kai Allah ya rufa maka asiri, ka gama sakandare, ka shiga kwaleji da sakamakonka. Kada ka bari atisayen yamma ya cinye maka darasin safe. In an ce 'yan ƙwallo ba sai sun shiga aji ba, malamai za su duba musu, kai ka shiga. Ana duba wa ɗan ƙwallo ne muddin ƙafarsa tana aiki.

Baffanka Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, shekara biyu na ba shi. Kai ka san shi da sanda da igiya a karar shanu ta Maigatari, da tabon ƙaho a haƙarƙari. Ni na san shi da littafi. In aka tura shi kiwon awaki, da littafinsa yake tafiya, awakin su shiga gonar mutane shi yana can gindin kanya yana karatu. Ya sha duka a kan haka kamar yadda na sha a kan ƙwallo. Burinsa ya zama malamin dabbobi. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, shugaban makarantarsu har gida ya zo ya yi wa kakanka barka. Kakarka Inna ta naɗe takardun a cikin sabon ɗankwali, ta sa a ƙasan adakarta, ana jira a yi girbi a samu abin kai shi gaba.

A cikin wannan jiran ne aka ɗauke mu wasa Gagarawa Tasha. Ranar na kama fanareti biyu. Da aka tashi, wani mutum mai usur a wuya ya kira ni gefe, ya ce shi malamin wasanni ne a wata kwaleji, suna da gasa tsakaninsu da sauran kwalejoji, kuma ba su da gola.

"Yaro, ka gama sakandare?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe.

"A gidanku babu wanda ya gama?"

Na ce akwai ƙanena.

Ya yi murmushi ya ce, "To ai an gama. Ka kawo tasa mu nuna a ofis, ka buga mana gasar bana, sai a mayar masa. Aro ne kawai."

Abba, ka ji kalmar. Ita ce dai ka faɗa a waya shekaranjiya, ko harafi ɗaya bai canja ba. Da na ji ta a bakinka sai da butar ta kusa suɓuce mini. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma mutane kan faɗi haka ne don yabo. Ni ranar nan tsoro ta ba ni.

Na jira Inna ta tafi rijiya, na buɗe adakar, na zare takardun, na mayar da ɗankwalin a naɗe kamar ba a taɓa ba. Ban tambayi kowa ba.

Yanzu ka nutsu ka ji. Ɗanjuma laƙabi ne, don ran Juma'a aka haife shi, kamar yadda tsofaffin ƙauyenmu ke ce mini Ɗanlami. Sunansa na yanka Abubakar. Nawa sunan na yanka Salihu. Malam Abubakar ɗin nan da duk Gumel ta sani, wanda ke kan takardar aikina, wanda ke bin bayan sunanka da na Bashir da na ƙannenku mata a makaranta, ba ni ba ne. Baffanku ne.

Ranar farko da aka kira suna a aji, sau uku ana cewa Abubakar ina zaune ina kallon taga, sai da na kusa da ni ya zungure ni. Bayan wata guda na saba. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne yadda sabon bai yi wuya ba.

Da aka yi girbi, Ɗanjuma ya je ɗaukar takardunsa ya tarar da ɗankwali babu komai. Na zo hutu da rigar gola mai lamba ɗaya, yara suna bina har ƙofar gida. Ya bari sai da kowa ya watse, ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, ina takardata?" Na ce tana wurin malamin wasanni, da an gama gasa zan karɓo. Hutu na biyu ya sake tambaya, na sake faɗar haka. A hutu na uku gaskiya ta fito. Malamin bai nuna takardar kawai ba, rajista ya yi mini da ita, na zama cikakken ɗalibi da hotona a kan sunan Abubakar. In Ɗanjuma ya je ya ce tasa ce, za a kore ni, wataƙila har da 'yan sanda. Inna ta zaunar da mu a ɗakinta tana kuka, ta ce, "Ɗanjuma, ka rufa wa yayanka asiri. In ɗaya ya samu ai duka kun samu." Ya ce, "To, Inna." Bai ƙara tayar da maganar ba. Da rani ya bi wani dillali zuwa Maigatari.

Don haka in wani ya ce maka aro ne, ka tambaye shi ranar mayarwa, ka ga ko zai iya faɗa. A zamaninmu ma da hoto da gam kawai ake aiki, takardar ba ta dawo ba, balle yanzu da ake ɗaukar zanen yatsa. Bashir bai yi katin ɗan ƙasa ba tukuna, baɗi yake shirin yi don ya zauna jarrabawar shiga jami'a. Ranar da ka dangwala yatsanka a kan sunansa da ranar haihuwarsa, shi ke nan, ka zama Bashir a wurin hukuma. Shi kuma in ya je da nasa yatsan, za a ce masa an riga an yi.

Wataƙila kana cewa ai in ka samu, za ka ɗauki nauyinsa, ka gina masa gida. Ni ma haka na ce. Bari in gaya maka abin da na samu. A shekarata ta biyu, ana saura mako biyu wasan kusa da na ƙarshe, na fita kama wata ƙwallo, wani ɗan gaba ya faɗo mini a gwiwa. Na ji ƙarar abin da ya tsinke a ciki. Ɗalibi na gaskiya da sai ya je asibitin makaranta ya kwanta. Ni ban isa ba, don na san ƙafar nan ce kaɗai ta sa malamin yake rufa mini asiri. Na sulale na je wurin mai ɗori, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da tsumma. Ranar wasa na sa wani mai kemis ya yi mini allurar kashe zafi, na shiga raga. Kafin hutun rabin lokaci an ci mu uku, aka fitar da ni a kafaɗa. Gwiwar ba ta sake miƙewa daidai ba har yau. Cikin mako guda malamin ya samo wani gola daga wani ƙauyen, ban kuma san takardar ƙanen wa aka kawo masa ba. Bayan haka in mun haɗu a hanya, sai ya amsa gaisuwata yana kallon wani wuri.

Ba na ce kocinka mugu ba ne, ban san shi ba. Amma shi gasar bana yake dubawa, kai kuwa da wannan ƙafar za ka je gona, da ita za ka je masallaci har tsufanka. In ka ji ciwo ka faɗa, ka je wurin likita, ka zauna a benci ko da ana yi maka dariya. Kuma ka lura, ƙaryar farko ce ta hana ni zuwa asibiti. Mai kayan aro ko ciwo ba ya iya yi a fili.

Na lallaɓa na gama kwalejin da ƙyar, da sakamakon da Ɗanjuma zai ji kunyar a ce nasa ne. Aka ba ni aikin koyarwa a firamare. Shekara kusan talatin kullum safiya yara suna miƙewa suna gaida Malam Abubakar, ni kuma ina rubuta musu a allo cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, da ita na ciyar da ku, kuma wannan ne ya sa tuwon bai taɓa yi mini daɗi sosai ba.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na bayan nan, don shi ba ƙuruciya ce ta sa ni ba. Tsakanin Gumel da Maigatari tafiyar nawa ce? Amma sai in shekara ban je ba. Da Sallah in ba mahaifiyarka shadda ta aika wa baffanka, ni in ce aiki ya yi yawa. Kunya ce, na mayar da ita kamar fushi, har ku kuka tashi kuna zaton ba ma shiri. Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari sayen rago, na hango shi daga nesa. Ya gama loda shanu a mota, jikinsa duk kashin shanu, wani Bafulatani ya miƙo masa kwalbar magani. Ya karanta Turancin da ke jikinta tiryan-tiryan, ya mayar masa da Fulatanci, ya buɗe bakin saniyar mutumin ya duba, ya gaya masa yadda zai ba ta. Mutane sun yi layi suna jiransa. Malamin dabbobi ne sosai, takarda kawai ya rasa, takardar kuma tana cikin akwatina. Na juya na bar kasuwar ban sayi ragon ba, ban kuma gaishe shi ba. In ka taɓa cutar wani, Abba, kada ka guje shi. Gudun ba ya rage komai, shi dai yana ƙara masa kaɗaici a kan cutar.

Bara da tarin nan ya kwantar da baffanka, ni na ɗauko shi na kai shi asibiti. Muna zaune a benci muna jiran layi, sai wata ma'aikaciya ta leƙo da kati a hannu ta ce, "Salihu." Ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara talatin ba a kira ni da shi ba, amma jikina bai manta ba. Da na waiwaya sai na ga shi ma yana ƙoƙarin miƙewa, yana dafa bango.

Ya ce, "Zauna, Yaya, ni ake kira."

Da muka fito na tambaye shi. Ya ce, "Lokacin da aka zo yin katin ɗan ƙasa ne. Na ga in na ce Abubakar, ga sunan uba ɗaya, ga gari ɗaya, kada wata rana a bincika a raba ka da aikinka, ga yara. Na ga naka yana ajiye ba mai amfani da shi, sai na ɗauka."

A nan bakin asibitin, gaban masu sayar da ayaba, na durƙusa da gurguwar gwiwata na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna ya ce in tashi mutane suna kallo. Ya ce, "Na yafe tun Inna tana da rai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da ka tambaye ni, Yaya, wallahi da na ba ka."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da farko na ɗauka laifina shi ne rashin tambaya. Daga baya na gane ko na tambaya laifin yana nan, domin da ya bayar ɗin, kuma da rayuwarsa ta tafi yadda ta tafi. Saboda haka kada ka ce za ka kira Bashir ka nemi izininsa. Zai ce to. A gidanmu ƙane bai iya ce wa yayansa a'a ba, haka muka tarar, haka muka koya muku. Shi ya sa nauyin yake kanka kai kaɗai.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibitin. Takardar da suka ba ni ta ce Salihu ne ya rasu, tana nan cikin akwatina tare da waɗancan. A ƙauye kuwa liman ya san gaskiya, da aka zo addu'a ya ce Allah ya jiƙan Abubakar. Malaman makarantarmu da suka zo mini ta'aziyya suka ɗago suna dubana, na sunkuyar da kai na ce amin. Kana wurin, kana raba wa mutane ruwa, ban sani ba ko ka lura.

Ba zan yi maka ƙarya in ce in ka mayar da takardar Allah zai kawo wani mai neman 'yan wasa gobe ba. Mai yiwuwa ne ba zai zo ba. Mai yiwuwa wani yaron da bai kai ka iya ƙwallo ba ya rage shekarunsa ya tafi, ka riƙa ganinsa a talabijin kana cizon yatsa. Mai yiwuwa ƙwallonka ta ƙare a filin kwalejin nan, ka dawo Gumel da takardar koyarwa irin tawa. Na san wannan da ɗaci, kuma na san kana da ƙafa, na sha tsayawa bayan katangar fili ina kallonka ba ka sani ba. Amma in ka dawo, da sunanka za ka dawo, kuma za ka iya zama ku ci tuwo kwano ɗaya da ƙanenka kana kallon idonsa. Ni ban samu wannan ba.

Ga dalilin da ya sa ban cire takardar ba. In na cire, kocin zai samo maka wata, ta ƙanen wani, a wani gidan da ban sani ba. Ina so hannun da ya ɗauka shi ya mayar. Malam Idi direba, wanda zai kai ka, yana dawowa Gumel duk bayan kwana biyu. Ka sa ta a ambulan ka rubuta sunan mahaifiyarka, ba sai ka ce masa komai ba. Bashir bai san ta bar akwati ba, kuma daga bakina ba zai ji ba. Ɗazu ya zo yana roƙona in bar shi ya makara a makaranta gobe, wai shi zai ɗaukar maka jaka zuwa tasha. Na ce ya je. Zan tsaya in ga ya ɗora ta a kansa, da takardarsa a ciki.

Rigar da za su ba ka, Abubakar za a buga a bayanta. Wannan aron ni na yi maka shi, ba da saninka ba, kuma ni zan amsa shi gaban Allah. Kada ka ƙara na biyu da saninka. In ka ci ƙwallo aka kira sunan, ka yi wa mai shi addu'a.

Allah ya tsare mini kai, ya tsare ƙafarka da zuciyarka. Allah ya raba ka da abokin da zai kai ka ya baro, ya ba ka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da ana tsakiyar atisaye. Ka yafe mini abin da ka karanta a nan, in za ka iya. Zan riƙa leƙa tasha duk ranar da motar Malam Idi za ta shigo.

Na tsaya a nan na daɗe da biro a hannu, don rabona da rubuta wannan suna tun ina aji biyu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Salihu